Dalilin Da Ya Sa Aka Ƙera Ƙafar Mota Haka

Kowa a cikinku ya san ƙafar mota, amma ko kun taɓa tambaya don me aka yi ta haka, ƙarfe a ciki, roba a waje, iska a tsakani?

A dā ƙafafun keken doki na itace ne, an kewaye su da ƙarfe. In suka hau dutse, sai na ciki ya ji har cikin ƙashinsa. A shekarar 1888 wani likitan dabbobi wai shi Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya ga ɗansa na shan jijjiga bisa ɗan kekensa. Sai ya naɗa wa ƙafafun roba, ya hura mata iska. A 1895 kuma waɗansu 'yan'uwa biyu mutanen Faransa, su Michelin, suka sa wa mota irin wannan taya.

To, ga asirin abin. Iskan nan ita ke ɗauke da nauyin mota, roba kuwa da zaren da ke cikinta aikinsu tsare iska. In taya ta taka tsakuwa, sai ta lotsa ta haɗiye ta, mota ta wuce lafiya. Amma in iska ta yi kaɗan, sai gefen taya ya yi ta lanƙwashewa, roba ta ɗauki zafi, har ta fashe ana cikin gudu. Direban da ya ƙi duba iska da safe wai don gaggawa, da rayukan fasinjansa ya ke wasa.

Zanen nan kuma da ku ke gani a bayan taya ba ado ba ne. Wurin da tayar ƙaramar mota ke taɓa ƙasa bai wuce kamar tafin hannu ba. Da damina ruwa kan shiga tsakaninta da hanya, ta cikin zanen nan ya ke samun mafita. In zane ya cinye, sai mota ta yi ta sulɓi, ko da an taka burki.

Su kuwa kafofin da ke jikin ƙarfen, rage nauyi su ke yi, su na kuma barin iska ta shiga ta sanyaya burki, don shi kan yi zafi ƙwarai a gangara.

Watakila wani ya ce, to, baƙin fa? Ai roba asalinta ba baƙa ba ce. A kan gauraya ta da wani baƙin gari mai kama da kunkunniya, shi ke hana ta saurin cinyewa.