Jinin Cibiya da Dashen Ɓargo: Jawabi ga Iyaye



Maganarmu ta yau a kan jinin da ke saura cikin igiyar cibiya da mabiyiya ce bayan an haifi jariri. Likitoci sun gano cewa wannan ɗan jini yana ɗauke da iyayen ƙwayoyin jini, irin waɗanda ke cikin ɓargon ƙashi. Idan aka zuba su a jijiyar majinyaci, sai su zauna cikin ɓargonsa, su shiga yi masa sabon jini.

A birnin Faris na ƙasar Faransa aka fara wannan dashe a 1988, lokacin da Farfesa Eliane Gluckman ta yi wa wani yaro magani da jinin cibiyar ƙanwarsa.

Ɗibarsa ba ta cutar da uwa ko jariri, domin sai an yanke cibiya ake ɗiba. Daga nan a gwada shi, a daskarar da shi cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, inda yakan yi shekaru bai lalace ba. Mabiyiya kuwa ana iya binne ta kamar yadda aka saba.

Me ya sa abin ya shafe mu? Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu amosanin jini, watau sikila, kuma dashen ɓargo yana iya raba yaro da cutar har abada. An fara yin sa a ƙasarmu a 2011, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin.

Amma fa akwai sharuɗɗa. Lalle ne jaririn ya kasance ba shi da cutar, jininsa kuma ya dace da na majinyacin. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, ɗaya cikin huɗu ne yakan dace sosai. Jinin cibiya ba shi da yawa, saboda haka ya fi amfani ga ƙananan yara. Dashen yana da tsada, yana kuma da haɗari, domin sai an raunana tsohon ɓargo da magunguna masu ƙarfi tukuna.

Saboda haka, duk mai juna biyu da ke da ɗa mai sikila, ta tuntuɓi likitan jini tun kafin watan haihuwa. Kada ku ba kowa kuɗinku don alkawarin waraka ba tare da shawarar likita ba. Samari da 'yan mata kuma, ku gwada jininku kafin a sa ranar aure. Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Wassalam.