Jawabin Yaye Ma'aikatan Lafiya a Sule Tankarkar: Matsayin Mai Jinyar Tsoho a Asibiti

 

Waɗanda suka kammala wannan horo za su koma asibitoci da ɗakunan shan magani na Sule Tankarkar, Gagarawa, Maigatari da Gumel, inda za su riƙa cin karo da abin da jama'a ke kira gigin tsufa, wanda likitoci suka tabbatar ciwon mantuwa ne, wato lalacewar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali har dattijo ya ɓata a unguwar da aka haife shi, ya maimaita sallar da ya riga ya idar, a ƙarshe ya kasa shaida 'ya'yan cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum miliyan 55 ne ke fama da shi, fiye da kashi 60 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki, kuma mafi yawansu nau'in da likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana a 1906 ne ya kama su.

Ba kasafai mantuwar ce ke kai tsoho gadon asibiti ba. Zazzaɓin cizon sauro ne, ko ciwon huhu, ko karaya, ko shanyewar ɓarin jiki. Amma da zarar an raba shi da ɗakinsa da butarsa da muryoyin da ya saba ji, sai ruɗewa ta ƙaru, musamman da dare, ya fizge allurar ƙarin ruwa, ya ƙi abinci, ya ce lallai sai ya tafi gona. Wadda ke tare wannan duka ita ce mai jinya, galibi 'yarsa ko matarsa ko surukarsa, domin hukumar ta ce mata ne ke ɗaukar kusan kashi 70 cikin 100 na lokacin da ake kashewa wajen wannan hidima a duniya. Ita ke bin layin yankar kati, ita ke sayo magani, ta yi wanki, ta dama kunu, ta kwana a tabarma gefen gado, alhali ta baro yara da sana'arta a ƙauye, wataƙila ma an sayar da akuya a kasuwar Maigatari kafin a haɗa kuɗin mota. Duk da haka, idan lokacin zagayen likita ya yi, abin da ta fi ji shi ne masu jinya su fita waje, sai a tsaya ana yi wa mutumin da bai san ko wace rana ce ba tambayar yaushe ciwon ya fara.

Wannan al'ada tana da hujjarta a ɗakin da ya cika maƙil, amma ga mai ciwon mantuwa kuskure ce, domin tarihin ciwonsa yana bakin mai jinyarsa. Ita ta san sunan da yake amsawa, da hannun wanda yake yarda ya karɓi magani, da alamar da yake yi idan fitsari ya matsa shi. Ita ce kuma za ta iya cewa ruɗewar yau ta fi ta kullum, abin da kan nuna wani sabon ciwo da ke da magani. Ana son waɗanda ake yayewa su rubuta wannan bayani a fayil tun ranar farko, su nemi mai jinya ta lallashe shi kafin a yi tunanin ɗaure shi a gado ko dirka masa maganin barci, su kuma tuna da kunya, domin 'ya ba za ta so ta yi wa mahaifinta tsarki a gaban mutane ba, ko da ba ta furta ba.

Ranar sallama ma aiki ce. A zaunar da iyali a faɗa musu da Hausa cewa ciwon ba ya warkewa amma ana rage wahalarsa, kuma ba maita ba ne, zargin da ya sha jawo wa tsofaffin mata wulaƙanci. Wanda ya buƙaci ƙwararru ana iya tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure ko na Dawanau a Kano, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2023 a madadin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare mutuncinsa a duk inda aka kwantar da shi.

Allah ya sa albarka a wannan horo, ya ba marasa lafiya sauƙi. Yanzu za a kira sunayen ɗalibai domin karɓar takardun shaida.