CEFANEN MAKO DA HAƘƘIN IYALI A KAN MAIGIDA

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Mai azurta bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa magidanta, da iyayenmu mata da ke sauraro daga sashensu, abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne cefane. Na san akwai wanda zai ce a ransa, ina ruwan majalisin ilimi da tukunyar miya? To, duk wanda ya karanta Risala ya ratsa babin da aka yi maganar nafaƙa, ya kuma san cewa ciyar da iyali wajibi ne da za a tambayi mutum a kansa gobe Ƙiyama. Ku tambayi 'yan kwamitin sulhu su gaya muku sau nawa ake kawo ƙarar da idan aka bi salsalarta sai a tarar daga kuɗin cefane ta taso.

Ba sai an gaya wa kowa halin da aka shiga ba. Dattawanmu suna tuna yadda rayuwa ta juya bayan an kawo shirin SAP a 1986. Yaranmu kuwa sun ga nasu da idonsu: a ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kuɗin dako ya hau, har a tsakiyar 2024 alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. A watan Yulin 2024 aka sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000. To, mu yi lissafi. Idan aka kasa wannan kuɗi gida huɗu, kowane mako ya tashi da naira 17,500. Gida mai mutum bakwai, kowa zai sami 2,500 a mako, wato ƙasa da naira 360 a yini. Wannan kuma idan ba a biya haya ba, ba a sayi magani ko sabulu ba. Alhakin shugabanni a cikin wannan al'amari yana nan, ba mu kuma daina faɗa musu gaskiya ba. Amma kafin su gyara, yau da dare sai an ɗora tukunya.

Shari'a ba ta yanka wa kowa adadin kuɗin cefane ba. A cikin Suratuɗ Ɗalaƙ, aya ta 7, an umurci mawadaci da wanda aka ƙuntata wa arziki kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka ba shi, a Suratul Furƙan kuma, aya ta 67, an yabi bayin Allah da tsayawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Cuta biyu ke nan, kuma duka muna fama da su. Mai ƙwauro ya tuna da Hindu 'yar Utba, wadda ta kai ƙarar mijinta Abu Sufyan a kan maƙo, Manzon Allah (SAW) ya yi mata izini ta ɗebi abin da zai ishe ta da 'ya'yanta bisa abin da aka saba. Wanda ke jin kunyar talaucinsa kuwa ya tuna da abin da Nana A'isha (RA) ta ba da labari, cewa akan yi wata biyu ba a hura wuta a ɗakunan Annabi ba, sai dabino da ruwa.

Shawarata ta farko ita ce a daina cefanen kullum, a koma na mako. Mai sayen ƙullin gishiri da ƙullin manja da gwangwanin shinkafa kowace safiya shi ne ya fi kowa sayen abu da tsada, domin kowane ƙulli akwai ribar mai kanti a cikinsa. Wata kuwa ya yi tsawo, kuɗin da aka ajiye don ranar 25 ba safai yake kaiwa ranar 15 ba. Saboda haka maigida da uwargida su zauna rana ɗaya a mako, su ƙirga bakunan da ke gidan, su auna mudu nawa ake ci. Ita ce ta san tukunya, shi ne ya san aljihu. Idan kowa ya ɓoye wa ɗan'uwansa abin da ya sani, zargi ne zai biyo baya. A fara fitar da kuɗin hatsi, sannan wake da mai, sannan niƙa da itace ko gawayi. Abin da ya rage shi ne na kayan miya, shi kaɗai ne za a riƙa fitarwa kaɗan-kaɗan saboda ɗanyen kaya ba ya jimirin ajiya.

Sai maganar abin da za a dafa, kuma a nan nake so in ɗan tsaya. Mun wayi gari ana ganin gidan da ba a dafa shinkafa da taliya kullum gidan wahala ne, yaro ya ga tuwon dawa ya ɓata rai. Wannan raini ne da muka koya wa kanmu. Dawa da gero da masara a ƙasarmu ake noma su, kuma mudu guda na gari yana tashi da tuwon da zai ƙosar da mutanen da mudun shinkafa ba zai riƙe su zuwa dare ba. Masana abinci sun tabbatar cewa idan aka haɗa hatsi da wake, kowannensu yana cike giɓin ɗan'uwansa wajen gina jiki. Ashe mai cin ɗanwake da dambu da ƙosai da alale bai yi asara ba don bai ga nama ba. Ga waken suya, wanda matanmu suka gwanance wajen yin awara da shi; ga ƙuli-ƙuli da za a daka a kwaɗa zogale ko rama; ga kuka da busasshiyar kuɓewa da karkashi da daddawa, waɗanda za su yi watanni ba su lalace ba. Miyar kuka ba ta buƙatar tumatir. Wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye gonakin tumatir a Kano da maƙwabtanta, ya san gidajen da suka riƙe kauɗa da kuka ba su ji jiki kamar saura ba. A ci shinkafa ranar Juma'a, a sa nama ranar da Allah ya hore, babu laifi. Laifin shi ne a cinye kuɗin kwana bakwai a kwana uku don kada maƙwabta su ce.

Wuta ma kuɗi ce. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kashe ragowar itace da zarar an sauke. Tuwon dare ya kwana ya zama ɗumamen safe, ba na bola ba.

Wanda Allah ya ba ɗan hali, to ya yi awo da kaka, lokacin da sabon gero da dawa suka cika kasuwanni irin su Dawanau, kafin farashi ya ɗaga da bazara da tsakiyar damina. Wasu na cewa wannan rashin tawakkali ne. Ba haka ba ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara daga amfanin dabinon Banun Nadir, kuma kowa ya san dabarar ajiyar Annabi Yusufu (AS). Abin da aka haramta shi ne ɗan kasuwa ya kwashe abinci ya ɓoye don ya ƙuntata wa jama'a. Amma ina gargaɗi da babbar murya a kan zuba maganin ƙwari a cikin wake. Guba ce. Saboda irin wannan magani ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015, mu kuwa muna ba 'ya'yanmu. A shanya wake ya bushe sarai, a zuba a jarka mai murfi a toshe, ko a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Idan iska ta ƙare ƙwaro mutuwa yake yi. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna kuma a zubar, arharta ba ta kai kuɗin asibiti ba.

Yanzu bari in juyo kanmu maza. Mutum ya bar wa iyali abin da bai kai ya kawo ba, ya ce a yi maneji, sannan da dare ya tsaya wurin mai shayi a soya masa ƙwai, ya biya ta wurin mai tsire, ya goge baki ya shigo gida yana tsaki wai miya ba ta yi daɗi ba. Wallahi wannan zalunci ne. Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba. In ya so ya ci, in bai so ba ya bari. Kuɗin da kake kashewa kai kaɗai a bakin titi, mayar da shi tukunya kowa ya lasa. Haka nan iyayenmu mata su ji tsoron Allah, kada a riƙa tsakurar kuɗin cefane ana zuba adashin anko da gudunmawar biki. Sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, waɗanda muka daɗe muna bayanin ba su da asali a Sunna, sau da yawa da abincin marayu ake yin su. Wanda kuma ya ci bashi mai ruwa don ya yi suna na kece raini, ya haɗa wa kansa riba da yunwa.

Saura maƙwabci. Manzon Allah (SAW) ya hori Abu Zarri da ya ƙara ruwa a romonsa don maƙwabta su samu. Akwai gidaje a unguwanninmu da ba su da abin da za su lissafa ma, zawarawa da marayu da waɗanda kunya ta hana su roƙo. Duk gidan da ya auna mudun mako, ya cire ko da tafin hannu ne ya ware musu. Hannu ɗaya kuma ba ya ɗaukar jinka: mutum goma idan suka haɗa kuɗi suka sayi buhu, aka raba da mudu a gaban kowa, sun tsira daga tsadar awon kullum. Ina ba shugabannin rassa shawara kowane reshe ya zaɓi amintattu biyu da za su riƙe wannan aiki, ɗaya ya riƙe kuɗi ɗaya ya riƙe littafi, a kuma karanta lissafin a bainar jama'a duk ƙarshen wata.