WAKILI TILO A CINIKIN TURARE DA KAYAN KWALLIYA

Jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa 'yan kasuwa a wani zaman ƙara wa juna sani

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya albarka a cikin cinikin mai gaskiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, abin da ya tara mu a yau tambaya ce da masu sayar da turare da man shafawa suke yawan kawowa. Suna cewa: kamfani a Faransa ko Dubai ya ɗauki mutum ɗaya ya ce babu mai shigo da hajarsa ƙasar nan sai shi, kowa sai ya je wurinsa ya sara a kan farashin da ya yanka. Shin wannan ba ihtikari ba ne, wato ɓoye haja don ta yi tsada, wanda shari'a ta hana? In kuwa haka ne, mene ne laifin wanda ya shigo da kayan ta wata hanya, ko ya sayar wa talaka jabunsa da araha? Tambayar tana da nauyi, domin turare abu ne da Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya so kuma ya kwaɗaitar da shi ranar Juma'a, sa'annan babu lefen da ake haɗawa a garuruwanmu ba tare da shi ba.

YADDA TSARIN YAKE

Malamai ba su yanke hukunci a kan abu sai sun san haƙiƙaninsa. Manyan kamfanoni irin su Chanel, Dior da L'Oréal ba su buɗe ofis a kowace ƙasa. Sukan ƙulla yarjejeniya da babban dila guda, su keɓe masa ƙasa ko yanki na wasu shekaru. Shi zai sayi kayan da kuɗinsa, ya biya kwastan, ya tanadi sito mai sanyi domin zafi da hasken rana suna ɓata turare, ya yi talla, ya zaɓi kantunan da za su sayar, ya koyar da yaran kanti. Abin da yake samu a madadin wannan ɗawainiya shi ne alkawarin cewa kamfanin ba zai ba wani haja a yankinsa ba. Mu lura, ko da yake a kasuwa muna kiransa wakili, a fiƙihu galibi mai saye ne, riba tasa, hasara tasa.

Misali sananne shi ne gidan Chalhoub, wanda ya fara da kanti a Dimashƙa a 1955, ya mayar da hedkwatarsa Dubai a 1990, ya zama ƙofar da manyan kamfanonin Turai da yawa suke bi su shiga kasuwannin ƙasashen Larabawa. A nan Nijeriya kuwa, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ba ta yi wa kayan kwalliyar waje rajista sai wani a cikin ƙasa ya kawo takardar wakilci daga kamfanin da ya yi su.

Dalilin kamfanonin shi ne, mafi yawan kuɗin turare mai tsada ba na ruwan da ke cikin kwalba ba ne, na suna ne da talla da kwalbar kanta. Ranar da aka ga hajarsu a kan tebur a bakin titi, darajar sunan ta faɗi. Saboda haka suke zuwa kotu a kan wannan al'amari. A 2001 kotun Tarayyar Turai ta goyi bayan kamfanin Davidoff a kan wani ɗan kasuwa da ya shigo Ingila da kayansa na asali waɗanda aka sayar a Singafo, ba da yardarsa ba. A 2017 kuma kotun ta yarda wa kamfanin Coty ya hana dilolinsa sayar da turarensa a kasuwannin intanet irin su Amazon.

AMFANINSA DA CUTARSA

Adalci ne mu faɗi amfanin wannan tsari. Idan haja tana da ƙofa ɗaya, akwai wanda za a kama in ta ɓaci, akwai kuma wanda zai bi sawun masu jabu saboda cinikinsa suke kashewa. Abin da ake shafawa a fata ba abin wasa ba ne. Dubi man bilicin da ya cika kasuwanninmu, wanda aka sha samun zaiba a cikinsa, sinadarin da ke lalata ƙoda da jijiyoyi. Lamarin ya kai a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Yawancin irin wannan mai ba a san wanda ya shigo da shi ba, balle a tambaye shi.

Amma wanda ya riƙe ƙofa ɗaya, zuciyarsa takan raya masa ya matse masu shiga. Su kansu Turawan sun gani. A 2006 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Faransa ta ci tarar kamfanonin turare 13 da manyan kantuna 3 fiye da Yuro miliyan 45, saboda sun haɗa baki sun hana a rage wa mai saye farashi. A 2016 Kuwait ta sake dokarta ta ba kamfani damar naɗa wakili fiye da ɗaya. Dokar gasar kasuwanci da Nijeriya ta sa wa hannu a 2019 ita ma ta hana a tilasta wa mai kanti farashin da ba zai sauka ƙasa da shi ba.

HUKUNCI

Na farko, asalin yarjejeniyar halal ce. Mai haja yana da ikon ya sayar wa wanda ya so, kuma sharaɗin da bai halatta haram ba wajibi ne a cika shi. Mai kantin da ya sa hannu cewa ba zai cuɗanya kayan kamfani da na wata hanya ba, ya cika alkawarinsa.

Na biyu, malamai sun saɓa a kan ihtikari. Shafi'awa da Hambalawa sun keɓe shi ga abinci. Imamu Malik, da Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa, sun faɗaɗa shi ga duk abin da riƙe shi zai cutar da jama'a. Turare mai tsada ba lalura ba ne, kuma yana da madadi: ga miski da almiski na kasuwa, ga humra da turaren wuta na Barno, ga Bintu Sudan da aka daɗe ana haɗawa a Kano. Don haka tsadarsa kaɗai ba ta mayar da dila mai ihtikari ba. Sai dai idan ya kulle kaya a sito da gangan har sai salla ko lokacin bukukuwa ya gabato don ya ninka farashi, ko kuwa hajar ta zama ta buƙata, kamar man da likita ya rubuta wa mai ciwon fata, to ya shiga abin da Malik ya yi gargaɗi a kai. Shaihul Islam Ibnu Taimiyya, Allah Ya yi masa rahama, ya bayyana a littafinsa na Hisba cewa idan aka keɓe sayar da wata haja ga wasu mutane sanannu, wajibi ne hukuma ta tsayar musu da farashin adalci. Wanda aka ba ƙofa ɗaya, an ɗora masa amana fiye da sauran 'yan kasuwa.

Na uku, wanda ya sayo kaya na asali a Dubai ko Makka ya kawo, alhali bai ƙulla komai da kamfanin ba, yarjejeniyar wasu ba ta ɗaure shi ba. Abin da ke kansa shi ne ya bi dokar kwastan da ta rajista, ya guji fasa-ƙwauri, kada kuma ya ce daga wurin wakili ya saro.

Na huɗu, kuma nan ne muka fi jin tsoro ga 'yan'uwanmu, jabu haramun ne ko da wakili ya yi zalunci a farashi. Sayen kwalaben da suka ƙare a sake cika su, ƙara mai a cikin turare don ya yi auki, liƙa tambarin kamfani a kan abin da aka haɗa a bayan gida, sayar da kwalbar gwaji a matsayin sabuwa, duk algus ne. Mun san abin da Imamu Muslim ya ruwaito na mai abincin da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya sa busasshe a sama, da yadda Manzon Allah ya barranta daga aikinsa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙi ne na mai shi wanda bai halatta a taɓa ba. Wani zai ce: ai na gaya wa mai saye jabu ne. To, ka fita daga yaudararsa, amma haƙƙin mai tambari yana nan, sa'annan wanda ka sayar wa zai sa a akwatin lefe a yaudari iyayen amarya, kai ka buɗe hanyar. Mai son haɗa turare mai ƙamshi irin na wani, ya haɗa, ya sa masa sunansa na kansa, ya faɗi gaskiyar abin da ke ciki. Wannan sana'a ce mai tsabta.

Daga ƙarshe muna kira ga masu saye, maza da mata. Sunna ita ce ƙamshi da tsabta, ba a shar'anta wa kowa wani tambari ba. Magidancin da zai ci bashi ya sayi kwalba ɗaya da kuɗin abincin wata guda don a ce ya isa, ya yi almubazzaranci, kuma kwaɗayin irinsa ne ke raya kasuwar jabu. Ku nemi lambar rajista a jikin man shafawa, ku tambayi inda kaya ya fito, ku sayi abin da aljihunku zai ɗauka.

Muna roƙon Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya wadatar da mu da halal, Ya sa mu cikin 'yan kasuwa masu gaskiya da amana. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.