Jawabi: Ranar da garke ya ƙare

Ƴan uwa makiyaya, dillalai da fataken shanu, iyayenmu mata, barkanku da zuwa.

In an ce rashin aikin yi, hankalin mutane yakan tafi ga ɗan lakwal da ya gama karatu bai samu ofis ba. Mu ba a ƙidaya mu. Alhali ranar da garke ya ƙare, aikin gida duka ya ƙare, na maigida da na uwargida.

Mun gani a farin 1973, muka sake gani a 1984, shekarar da Nijeriya ta rufe iyakarta, har aka sa wa yunwar suna El Buhari. Bisashe suka mutu, waɗanda suka rage babu mai saye. Dillali ya rasa la'ada, ɗan koren shanu ya rataye sandarsa.

Namiji me ya same shi? Wanda jiya ake neman shawararsa a bakin rijiya, sai ga shi yana gadin gidan wani a Yamai ko Kano. Wanda bai tafi ba yana zaman kashe wando. Ba ya faɗin damuwarsa, don kunya ta hana shi. Sai rashin barci, sai faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Mace fa? Ita ba ta samu zama ba. Shanu ko na miji ne, nono nata ne: da kuɗin nono da man shanu take sayen gishiri, sabulu da maganin yara, ba tare da ta roƙi kowa ba. Da ƙwarya ta bushe, kuɗinta ya tafi, aiki ya ƙaru. Ga ruwa, ga itace, ga yara da tsofaffi, miji yana cin rani. Wasu suka shiga gari suna kitso ko dakau. In abinci ya yi kaɗan, ita ce ta ƙarshen ci.

Ciwon ɗaya ne, amma kamunsa biyu. Shi ya rasa girmansa, ita ta rasa abin hannunta da hutunta. In muka yi maganin ɗaya muka bar ɗaya, gidan bai warke ba.

Don haka muna roƙon abu uku. Mu raya habbanaye: mai shanu ya ara wa wanda ya rasa karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe maruƙa, ya maido uwar. Na biyu, in ana rabon bisashe, a rubuta sunan mace, a ba ta akuyoyi a hannunta. Na uku, wanda muka ga ya daina zuwa kasuwa, ya yi shiru, mu taka mu je gidansa. Kada mu jira ya nemi taimako, ba zai nema ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka.