Wa ya kamata ya fara magana a taron aiki?

An ba ni ƴan mintoci in yi magana a kan yadda ake tafiyar da taron aiki, kuma zan yi ƙoƙari kada in wuce su, don abin kunya ne wanda ya zo wa'azin gajarta taro ya zama shi ne ya tsawaita shi.

Aikin jarida ya zaunar da ni a tarurruka masu yawa, amma akwai ɗaya da ba na mantawa. A wata ma'aikata ne da ba zan ambaci sunanta ba. An kira mutane ƙarfe tara, darekta bai shigo ba sai goma da rabi. Da ya zauna sai ya ce: «Ni dai a ganina ga yadda za mu raba kayan nan, amma ina sauraren ra'ayinku.» Mutum goma sha shida suka yi magana bayansa, kowa ya maimaita abin da ya faɗa da wasu kalmomi, aka tafa, aka tashi. A bakin ƙofa sai mai riƙon makullin mangaza ya raɗa mini cewa shirin ba zai yiwu ba, don rabin kayan da ake lissafi a takarda ruwan sama ya riga ya lalata su. Na ce masa: «Malam, me ya hana ka faɗa a ciki?» Ya dube ni ya ce: «Bayan darekta ya yi magana?»

Ku lissafa da kanku. Mutum 20 a taron awa 3, awa 60 ke nan, wato aikin ma'aikaci ɗaya na mako ɗaya da rabi, kuma abu ɗaya tak da ya kamata a ji ba a ji shi ba.

Za a ce wannan kunyar Bahaushe ce. Ban yarda ba. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da ya riga ya haɗa baki da su, a nuna musu layuka a takarda, a tambaye su wanne ne ya yi daidai da wanne a tsawo. Amsar a fili take, yaro ma ya gani. Amma in sauran suka haɗu a kan amsar ƙarya, kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi su aƙalla sau ɗaya. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, da zarar an sami mutum ɗaya a ɗakin da ya faɗi gaskiya, sai bin yarima a sha kiɗan nan ya ragu ƙwarai.

Manya ma ba su tsira ba. John Kennedy, wanda tsohuwar gadar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya amince a watan Afrilun 1961 a sauke ƴan gudun hijirar Kuba kimanin 1.400 a gaɓar ƙasarsu don su kifar da Fidel Castro. Cikin kwana uku aka murƙushe su. Daga baya aka gano cewa cikin masu ba shi shawara akwai waɗanda suke da shakka tun farko, amma suka yi gum, don sun ga shugaba da sauran manya sun karkata. Irving Janis na jami'ar Yale ya yi nazarin wannan a 1972. Da rikicin makamai masu linzami na Kuba ya taso a Oktoban 1962, Kennedy ya sake salo: yakan ƙaurace wa wasu zaman da gangan don mutanensa su saki jiki, aka kuma raba su rukuni-rukuni, kowane ya rubuta shawararsa, ɗayan ya nemo raminta. Kusan mutanen nan ne dai na bara. Tsarin zaman ne ya sake.

Saboda haka abin da na zo roƙon shugabanninmu shi ne su zama na ƙarshen magana. Shugaba ya faɗi matsalar, ya faɗi lokacin da za a tashi, sa'an nan ya ba mafi ƙanƙanta a ɗakin dama, a yi ta hawa har a zo kansa. Na san wani alhaji zai ce wannan zubar da girma ne. Ranka ya daɗe, ko a fada sarkin da ya san sarauta yakan bar ƴan majalisa su gama kafin ya yanke, kuma ba a taɓa cewa rawaninsa ya ragu ba.

To amma ko an ba ƙarami dama, bakinsa na iya nauyi. A nan ne masu shirya mana tarurrukan horo sukan kawo dabarar da wani mai tallace-tallace na Amurka, Alex Osborn, ya yaɗa a 1953: kowa ya jefo abin da ya zo masa a rai, ba suka, ba gardama. Tana da daɗin ji, sai dai gwaji bai goyi bayanta ba. Tun 1958 aka gwada ta a Yale, aka ga mutum huɗu da kowa ya zauna shi kaɗai sun fitar da dabaru kusan ninki biyu na mutum huɗu da suka zauna tare. A 1987 wasu Jamusawa biyu, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalili: baki ɗaya ne ke magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kanka ka manta abin da ke ranka, ko ka raina shi. Maganin bai da tsada. Kafin kowa ya buɗe baki, a yi shiru minti biyar, kowa ya rubuta nasa a ƴar takarda ba suna, sakatare ya tattara ya karanta duka. Mai boko ya yi da boko, mai ajami ya yi da ajami, wanda ba ya rubutu ya raɗa wa sakatare. Kuma in da hali a yi zaman da harshen da kowa ke ji. Na sha ganin ɗan kasuwar da ke juya miliyoyin sefa tsakanin Maraɗi da Kwatano ya zama kurma a gaban yaron da bai taɓa sayar da ko buhun gero ba, don kawai zancen ya koma Faransanci.

Saura wata cuta, wadda ita ce ke mai da shawara faɗa. Mutum ɗaya yana kawo lissafi, na biyu yana faɗin tsoronsa, na uku yana huce haushin bara, duk a lokaci ɗaya, kowa kuma yana kare maganarsa kamar gonar gado. Wani likita ɗan tsibirin Malta, Edward de Bono, wanda ya rasu a 2021, ya fito da dabarar huluna shida a 1985. Ba hular gaske ba ce, kada wani ya aika kasuwa. Nufinsa dukan ɗakin su yi tunani iri ɗaya a lokaci ɗaya. In an ce farar hula, ba a son komai sai abin da aka sani tabbas da abin da ya rage a bincika. Ja ta zuciya ce, kowa ya faɗi abin da yake ji ba tare da an nemi hujja ba. Baƙa ta haɗari ce, ruwan ɗorawa ta amfani, tsanwa ta sabuwar dabara, shuɗiya kuwa tana kan mai jan ragamar zaman. Ku ɗauki ƙungiyar masu albasa da ke shawarar ko su haɗa kuɗi su yi hayar babbar mota ɗaya zuwa Abijan. Da farar hula za a fara: buhu nawa, kuɗin mota nawa, kwana nawa a hanya, nawa ake biya a duwan. In an zo baƙa, har wanda ya kawo shawarar dole ya faɗi inda za ta iya ruɓewa. In an zo ruwan ɗorawa, babban mai adawa da ita dole ya nemo alherinta. Ni ban ɗauki launukan da muhimmanci ba, kuma masu sayar da horon sun fi yabonta fiye da yadda bincike ya tabbatar. Abin da na ga yana aiki shi ne mafakar da take ba mutane: yaro zai iya nuna ramin da ke cikin shawarar maigidansa, ya ce ba shi ba ne, lokacin baƙar hula ne.

Jar hular ma kada a raina ta. Taron ƙasa na Benin, a Fabrairun 1990, kwana 10 ya yi a ƙarƙashin Monsanyo Isidore de Souza. Namu, wanda Farfesa André Salifou ya shugabanta, ya fara ran 29 ga Yuli 1991 bai tashi ba sai 3 ga Nuwamba, kwana 98, da wakilai wajen 1.200. Ba na zargin iyayenmu. Mutanen da aka toshe wa baki shekara 17, ga jinin ɗalibai na 9 ga Fabrairu 1990, ga na Cintabaraden, dole su amayar da abin da ke cikinsu. Amma a ganina an gwama sauraren koke da yanke shawara a tukunya ɗaya, sai koke ya cinye lokaci, batun baitulmali bai sami rabonsa ba, gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cheiffou Amadou ta gaji asusu wayam da ma'aikata masu jiran albashi. Haka yake faruwa a ƙaramin biro: in akwai ƙulli a zukata, a ware masa lokacinsa a fili, a ce daga nan zuwa nan ne, in ba haka ba zai ɓuya cikin kowace magana har a tashi.

Game da rufe taro ba zan daɗe ba. «Za a duba» ba shawara ba ce, «an kafa kwamiti» ma sau da yawa makabarta ce. Kafin a yi fatiha sakatare ya karanta da ƙarfi: abu kaza, wane ne zai yi, ran kaza. Taro na gaba kuma da wannan takardar za a buɗe shi, kafin a zo maganar kuɗin zama.

Na ga mai kula da lokaci yana duban agogo. Shugaba, in ka yarda, tambayar farko ta fito daga samarin can da ke tsaye a bakin ƙofa, ku kuma na layin gaba ku yi mana haƙuri sai sun gama.