TSEREN ƘIRƘIRARRIYAR BASIRA: SU WA AKE TAKEWA A HANYA?

Wannan jawabi ne da aka gabatar wa 'yan uwa matasa a wajen wata muhadara. Ga shi kamar yadda wakilinmu ya rubuto mana. A sha karatu lafiya.



'Yan uwa, yau maganarmu a kan abin da ke cikin aljihun kowannenku ne, wato waya, da kamfanonin da ke bayanta. A watan Nuwamban 2022 wani kamfanin Amurka mai suna OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar da za ka yi wa tambaya ta ba ka amsa kamar mutum. Wannan ita ake ce wa ƙirƙirarriyar basira. Tun daga ranar manyan kamfanonin fasaha suka shiga tsere, kowa na tsoron kada a bar shi a baya. To, abin tambaya shi ne, su wa ake takewa a wannan tsere?

Na farko ma'aikata. A watan Janairun 2023 Microsoft ya ce zai sallami mutum 10,000. Ko mako guda ba a yi ba sai ga sanarwar zai zuba biliyoyin daloli a OpenAI. A wannan watan Google ya sallami 12,000. Amazon kuwa, zuwa watan Maris na shekarar, adadin da ya sanar ya kai 27,000. Hujjarsu ita ce wai sun ɗebi ma'aikata fiye da kima lokacin annobar korona. To, mu ɗauka haka ne. Na 2025 fa? A shekarar Microsoft ya sallami kimanin 6,000 a watan Mayu, ya ƙara da kimanin 9,000 a Yuli, alhali ribarsa ta wannan shekarar kuɗi ta haura dala biliyan 100, alhali kuma da bakinsa ya ce zai kashe dala biliyan 80 wajen gina cibiyoyin na'urorin wannan basira. Ka ga ashe kuɗi na nan, an dai canza musu wurin zuwa ne.

Me ya sa? Ku fahimci wannan da kyau. Shugaban irin wannan kamfani, wanda yake jin tsoro shi ne mai hannun jari, domin shi ke iya tsige shi. Mai hannun jari kuwa ba abin da yake kallo sai farashin jarinsa. Kamfanin Nvidia, mai ƙera ƙwaƙwalwar da waɗannan na'urori ke aiki da ita, darajarsa ta kai dala tiriliyan 4 a Yulin 2025. Da sauran suka ga inda kuɗi ke kwarara, sai kowa ya karkata can. Na'urorin nan kuma tsada gare su, ga shan wutar lantarki. Ina za a rage? Sai a duba albashi. Mai iyali ya wayi gari da saƙon imel cewa an gode masa.

Akwai ma waɗanda ba a ko ambatarsu. A Janairun 2023 mujallar Time ta fallasa cewa wasu ma'aikata a Nairobi ta ƙasar Kenya, ta hannun wani kamfani mai suna Sama, su aka sa suna karanta rubuce-rubucen kisa da fyaɗe da ƙazanta iri-iri suna tantancewa, don a koya wa na'urar OpenAI ta guje musu. Ladansu bai kai dala 2 a awa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi kenan.

Na biyu masu sayen kaya, wato ni da kai. A Mayun 2024 Google ya ɗora amsar na'ura a saman sakamakon bincike, cikin gaggawa, sai ga ta tana ba mutane shawarar su zuba gam a abinci, wasu ta ce su ci dutse. A Ostireliya, hukumar kare haƙƙin masu saye ta maka Microsoft a kotu a Oktoban 2025, bisa zargin ya cusa wa mutum kusan miliyan 2.7 manhajarsa ta Copilot, ya ƙara musu kuɗi, bai kuma gaya musu za su iya zama a tsohon farashi ba. Sannan a ranar 14 ga Oktoban 2025 ya daina kula da Windows 10, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi, alhali tsofaffin kwamfutoci da yawa ba sa iya ɗaukar Windows 11. Wa ke riƙe da irin waɗannan kwamfutoci? Ɗalibi ne da mai shagon buga takardu, waɗanda 'yar kwatano suka iya saya.

Kamfanin Klarna na ƙasar Suwidin ma ya yi alfahari a 2024 cewa na'urarsa tana aikin mutum 700 masu sauraron koke. A 2025 shugabansa ya amsa cewa ingancin aikin ya faɗi, ya ce za su koma ɗaukar mutane.

To 'yan uwa, kada wani ya fita nan ya ce an hana koyon fasaha. Ku koye ta, ku ƙware, har ku san inda take ƙarya. Amma amsar da na'ura ta ba ka, musamman a kan magani ko kuɗi, kada ka ɗauka sai ka tambayi masani. Takardunka da hotunanka, ka ajiye kwafinsu a hannunka. In an ƙara maka kuɗin wata, ka bincika ko akwai tsohon tsari. Mai koyon kwamfuta kuma ya haɗa da sana'a ta biyu, domin wanda ya kori injiniya a Amurka ba zai ji kunyarka ba. In gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Ranar da kuma ɗayanku ya zama mai gida, ya tuna yaron shagonsa mutum ne mai ciki da iyali, kada ya yi masa abin da muka zauna muna kuka da shi yau.

Nan zan dakata.